Shafin da Baraka Ta Ƙi Karantawa

Duk wanda ya san Roni ya san Malam Lado, in bai san shi ta littafi ba ya san shi ta tambaya. Mutum ne da in kun gaisa ba zai saki hannunka ba sai ya ji sunan kakanka. In ka faɗa ya ce, "Wannan na yanka ne ko na gida?" In ka ce ba ka sani ba, sai ya dube ka kamar ka ce ba ka san hanyar masallacin unguwarku ba. Samari da yawa kan sauya hanya in sun hango shi, ba don suna ƙin sa ba, sai don ba su fito da shirin jarrabawa ba.

Aikin malamin gona ya yi har ya yi ritaya. Gwamnati ta ba shi babur ta ce ya zaga ƙauyuka ya koya wa manoma sa takin zamani da feshin ƙwari. Shi kuwa da ya isa gari sai ya gama wannan a tsaitsaye, ya nemi inuwar da tsofaffi suke ya baje. Daga Roni zuwa Gwiwa, daga Achilafiya har kasuwar dabbobi ta Babura, da wuya ka sami zauren dattijon da bai sha fura a ciki ba. Ko gero ya ƙaru ta dalilinsa, wannan Allah ne masani. Amma labaran mutanen da, da sunayensu, ya bi su kamar mai roron gyaɗa, ko ɗaya bai bari a ƙasa ba. Da su ya shiga rubutu: ya ƙagi labari, ya ɗora shi a kan zamanin kakanni. Littafi biyu suka fito, *Jakin Gaba* da *Rijiyar Fatake*. Ba su sa ya gina bene ba, amma malaman makaranta a Kazaure suna saye, kuma har yau akwai masu tare shi a hanya su yi masa gardama a kan yadda ya ƙare na biyun.

Abin da ya fi cin masa lokaci ba labarin ba ne, suna ne. Yakan ce suna linzami, in ka sa wa mutum wanda ba nasa ba zai kai ka inda ba ka nufa ba. Kafin ya sa wa kowa suna sai ya san lokacin da aka haife shi da wanda ya biyo. In da damina ya zo ana tsakar noma, Nomau ne. Namiji bayan mata Tanko, mace bayan maza Dela. Wadda ta faɗo ranar salla Tasalla ce, wanda uwa ta mutu ta bari kuma Talle. Daga nan sai ya nemo na yanka, wanda liman ya raɗa, ya ɓoye shi a ƙarƙashin wancan, don a zamanin da yake ba da labari ba kowa ke jin sunan yankan mutum ba. In ya gama sai gwaji. Zai fita bayan gida ya fuskanci gonakin dawa, ya ƙwala wa sunan kira yadda ake kiran wanda ya yi nisa da kiwo. In ya fita sarai ya isa ƙarshen gona, ya zauna ke nan. In ya maƙale a maƙogwaro, an sallame shi. Da farko maƙwabta kan fito a guje su tambaya ɗan wa ya ɓata. Daga baya suka saba, in sun ji sai su ce Malam ya sake haihuwa.

Sau ɗaya suna ya taɓa ja masa. A littafin farko ya sa wa ɓarawon jakai Tanko, sai Tanko mahauci na kasuwar Roni ya daina amsa masa sallama, ya kuma riƙa zaɓar masa ƙashi in ya aika sayen nama. Sai da dattawa suka shiga tsakani. Tun daga nan in zai sa wa mugu suna sai ya bi unguwa gida-gida a ransa, ya bi dangi da surukai, ya tabbata bai taka kowa ba. Mugu kaɗai yake yi wa wannan binciken. Wa zai yi fushi don an sa wa jarumi sunan nasa?

Sunan littafi kuwa ba ya taɓa shi sai ya rubuta kalmar ƙarshe. "Ana raɗa wa ciki suna ne?" in ji shi. Sharaɗinsa shi ne ya zama gajere, yadda in an aiki mutum kasuwa ba zai zubar da shi a hanya ba, kuma ya zama wani abu ne daga cikin labarin wanda ido zai iya gani ko kunne ya ji, jaki ko rijiya, ba irin su ƙaddara da rayuwa da kowa ke lodawa a bangon littafi ba. Ranar da ya samu sai ya sayo goro da dabino ya raba a ƙofar masallaci, har liman ya taɓa tambayarsa ina ragon.

Helen ce ke buga masa a kwamfuta, a wani ɗan shago kusa da tashar mota a Kazaure. Iyayenta aiki ya kawo su daga Filato, amma ita a Kazaure aka yanke mata cibiya, Hausa a bakinta har da ta sayarwa. Duk lokacin da ya kai mata sabon babi sai ta sake gwada sa'arta.

"Baba, don Allah ku sa wa jarumin nan Jamaluddeen mana. Allah kuwa 'yan mata sai sun yi layi."

"Jamaluddeen a bayan jaki da mangalar kanwa? Ai jakin ma sai ya waiwayo ya dube shi."

Sai ido ya fara ja da baya. Daga gefe-gefe ya soma, kamar ana rufe masa taga a hankali. Likita a Kano ya ce irin wannan ciwon ba ya warkewa, sai dai a riƙa ɗiga magani a tsayar da shi inda ya kai. Ya jingine babur ya koma hawa acaɓa. Rubutu yana yi da manyan baƙaƙe, 'yan layuka a shafi, Helen na lallaɓawa tana ganewa. Amma abin da ta buga ba ya iya karantawa, kuma in bai ji abin da ya rubuta ba bai san inda zai sa ƙafa a babi na gaba ba. Nan Baraka ta shigo.

Baraka matarsa ce, 'yar Gwiwa, daga gidan da ke da jinin Fulani da kara irin tasu. Bazawara ya auro ta tana da sauran ƙuruciya. An gaya masa a lokacin cewa ta taɓa haihuwa a gidan farko, yaron bai zauna ba. Bai tona ba, ita ma ba ta ɗaga ba, aka ci gaba da zama har suka aurar da babbar 'yarsu Sadiqa da ƙannenta. Firamare kawai ta yi, amma karatun Hausa ba ta tuntuɓe a cikinsa. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗauko takardun Helen ta karanta masa, shi yana kishingiɗe ido rufe.

Ba ta yabo, ba ta kuma ƙarya. Da kunne ya koyi hukuncinta. In wuri ya yi daɗi muryarta kan yi ƙasa, ta rage sauri. In ya yi surutun banza sai ta ja ɗan tsaki ta wuce. In kuwa abin ya lalace gaba ɗaya sai ta ajiye takarda ta ce, "Bari in duba tukunya." Bayan ɗan lokaci ta dawo ta ce, "Malam, wannan babin ba kai ka rubuta ba, gajiya ce." Ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, washegari ya yage shafin. Bai taɓa nadamar yagewa ba.

Littafi na uku shi ne wanda ya sa wa rai. Labarin Nomau ne, ɗan fari a wurin uwarsa, wanda wata shekarar yunwa ta tilasta masa bin ayarin fatake zuwa arewa ɗauko kanwa. Tunda ɗan fari ne sunan yankan bai ba shi wahala ba: Muhammadu Lawal. Ya gwada shi a bayan gida, lokacin Baraka tana Kazaure wurin Sadiqa da ta haihu, sunan ya tafi sarai har tsuntsaye suka tashi daga kan dawa.

Al'adar kuwa ya san ta, shi da ya ƙoshi da ita a zaurukan tsofaffi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko mutuwa ya yi ba ta bari a ga hawayenta. A kan wannan ya gina shafin da ya fi alfahari da shi. Ayari zai tashi da sassafe, jakai sun fita, sai uwar nan da tun haihuwarsa "kai" da "wancan" take ce masa ta yar da taɓarya, ta biyo su da gudu, ta tsaya a ƙofar gari ta ƙwala kira da sunan da ba ta taɓa furtawa ba. Da yake rubutawa sai da ya share ƙwalla. Don son shafin har ya karya dokarsa, ya raɗa wa littafin suna a zuci tun bai ƙare ba, *Kiran Ƙofar Gari*. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar da karatu ya zo wurin, ya gyara kishingiɗa yana jira. Baraka na tafe, murya ta yi ƙasa, sauri ya ragu, shi kuwa yana cewa a ransa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Uwa ta yar da taɓarya. Uwa ta isa ƙofar gari. Ta buɗe baki ta ce...

Shiru. Sai ya ji an ajiye takarda.

"Bari in duba tukunya."

Ya jira. Ido ne ya tafi, hanci na nan, kuma bai ji hayaƙi ba ko kaɗan, don ba a ma hura wuta ba. Har aka kira magariba ba ta dawo kan tabarmar ba.

Washegari ta ce kanta na ciwo. Kashegarinsa aka yi rasuwa a maƙwabta. Daga nan ta tsiro da gyaran rumbu, sai wankin kayan da ba su yi datti ba. Takardun suna nan a bakin taga, ta ɗora musu dutsen guga don kada iska ta kwashe. Abinci bai canja ba, gaisuwa ba ta canja ba, maganin ido tana ɗiga masa a kan lokaci. Zaman la'asar kawai aka cire daga rana.

Malam Lado ya shiga tasku. Da ta dawo ta ce gajiya ce, da ya yi fushinsa ya huce. Amma shiru? Ruwa ba ya tsami banza. Abin da yake tsoro tun ranar da likita ya yi magana ya zo ya zauna masa a ƙirji: ashe ba ido kaɗai ya tafi ba, basirar ma ta bi shi, ya zama tsohon da ke kuka a kan shirme yana zaton hikima ce. Baraka ta gani, tausayi ya hana ta faɗa. Wannan tausayin ya fi masa ciwo da kowace irin suka. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, amma mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa mutane tambaya ya kasa yin ta, don yana tsoron amsar.

Ya ɗauki kansa ya tafi Kazaure ya sa Helen ta karanta masa daga kwamfuta. Ta karanta kamar mai labaran rediyo, janareto na ruri a waje, ta gama ta ce, "Kai, Baba, ya yi kyau sosai!" Helen kuwa ko katin gayyatar biki ka kai mata haka za ta ce. Ya dawo Roni ya fi yadda ya tafi nauyi. A hanya ya yanke shawara: in abin ya ƙare ya ƙare, gara ya ajiye biro da sauran mutuncinsa. Ya daina fita bayan gida. Maƙwabta suka fara tambayar ko lafiya, sun kwana biyu ba su ji an kira kowa ba.

Ana cikin haka mijin Sadiyya, ƙanwar Baraka, ya faɗo daga kan amalanke ya karye a ƙafa. Baraka ta riga ta je ta dawo, saura shi. Lawal ɗan acaɓa, wanda ke kai shi ko'ina tun da ya bar tuƙi, ya goya shi suka bi hanyar Gwiwa ta tsakanin duwatsu. Ya duba majinyaci, aka yi addu'a, sannan Sadiyya ta shimfiɗa masa tabarma a rumfa ta zo da ƙwaryar fura tana damawa. Tsakaninsa da ita wasa ne tun tana budurwa, irin na miji da ƙanwar mata, kuma furfura ba ta rage mata komai ba.

"Mijin Yaya, yau ko sunan kakan mai ɗori ba ka tambaya ba. Ko Yaya ta fara ba ka tuwo ba miya?"

"Da ma shi ne."

"To ina labarin littafi? An ce wannan karon ma da fatake za ka kwana."

"Littafi ya rasu, Sadiyya. Yayarki ce ta yi masa wanka."

Ta ce ba ta yarda ba sai ta ji ciwon da ya kashe shi. Shi kuwa da ma cikinsa a cike yake, sai ya kwance mata labarin tun daga shekarar yunwa, da yadda rumbuna suka bushe, da ayari, da uwa da taɓaryarta, har ƙofar gari. Da ya faɗi sunan sai ya ji ludayi ya daina zagaya ƙwarya.

"Wane suna ka ce?"

"Muhammadu Lawal. Ai ɗan fari ne, shi ya dace da..."

"Kuma Yaya ka ba ta karanta? Da bakinta? A matsayin uwar?"

"To wa zan ba?"

Sadiyya ta ajiye ludayi. "La'ilaha illallahu. Kai da ka san sunan kakan kowa daga nan har bakin iyaka! Mijin Yaya, ɗan da Yaya ta haifa a gidan farko, me sunansa?"

"Ban taɓa tambaya ba," ya ce.

"Ni na yi goyonsa," ta ce, wasa ya fita daga muryarta. "Ina yarinya, da ƙyar zanen goyon ke ɗauruwa. Ya fara rarrafe ke nan ƙyanda ta shigo gari. Ranar da aka fita da shi Yaya tana bakin turmi, ba wanda ya ga hawayenta, don Inno mahaifiyarmu na kallo. Daga ranar suna zuwa yau ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kai ma ba za ka ji ba."

Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Sai abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Wannan da ke jiran sa a ƙofar gida da babur, kullum "mai jan babur" Baraka ke ce masa. Mai kantin bakin titi shi ma Lawal ne, a bakinta "ɗan gidan Dela". Yadda take ƙwala wa Sadiqa kira ba ko kara, shi ya ɗauka wayewa ce, ashe alkunyar an riga an yi wa wani. Ya ƙarar da takalma yana tattara sunayen da mutane ke faɗa, bai taɓa kasa kunne ga wanda ba a faɗa a tsakar gidansa ba.

Kunya ta rufe shi. Tausayin Baraka ya cika masa ciki, ya tuna yadda ta ajiye takardar nan shi yana can yana jiran yabo. Amma a ƙarƙashin duka biyun, Allah ya yafe masa, wani sanyi ne ke ratsa shi kamar ruwan randa: wataƙila ba littafin ba ne. Ya ji kunyar sanyin ma, sanyin bai fasa ba. Marubuci dai marubuci ne ko a gidan makoki. Ya ja ƙwaryar fura, shi da ya kwana biyu yana taɓa abinci yana turewa, sai da ya ga gindinta.

"Kada ka je ka ce na gaya maka," in ji Sadiyya da za su tashi. "Kada ma ka nuna ka sani. Ka dai san Yaya."

Washegari bayan la'asar ya lalubo tabarma da kansa ya shimfiɗa a gindin darbejiya. Baraka na gefe tana ɓarar gyaɗa a faifai.

"Na yi tunani," ya ce, yana fuskantar bango. "Sunan yankan falken nan bai zauna mini ba. Ya yi tsawo. Zan canja shi, in sa Haruna ko Isiyaku."

Ƙarar ɓawon gyaɗa ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa.

"Bakin Sadiyya dai ba shi da murfi."

"Ni ban ce..."

"Ka tafi Gwiwa kamar kazar da ruwa ya yi wa duka, ka dawo ka cinye tuwo har da neman ƙari. Yau na fara sanin ka, Malam?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ka sani? Ni na faɗa maka?" Ta karkaɗe zaninta. "Ka bar shi yadda yake. Sunan ba shi da laifi."

Sai ya daure ya yi tambayar da ta hana shi sakat. "Littafin fa? Na zaci... na ce ko abin ya ƙare mini ne, kike jin nauyin gaya mini."

"Ikon Allah. Shi ya sa ka bi ka rame?" Har da 'yar dariya. "Yaushe na fara jin nauyinka a kan takarda? Da ba shi da kyau ai da na karanta na wuce, ko a jikina. Don ya yi kyau ne ya tsaya mini a nan."

Bai ga inda ta nuna ba, amma ya sani. Ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, ya ji kafaɗunsa sun saki kamar an ɗauke masa buhun gero. Daɗi ya kama shi, daɗi tsantsa, har bai san lokacin da ya ce alhamdulillahi a fili ba.

"Kada ka yi saurin godiya," ta ce. "Ka yi wa uwar nan ƙarya."

"Ƙarya kuma?"

"Babu uwar da za ta tsaya a ƙofar gari, a gaban fatake da surukai, ta ƙwala wa ɗan fari kira. Ko da zuciyarta za ta fashe. Wannan namiji ne ya zauna ya ƙaga."

"To me za ta yi? Ɗanta zai shiga daji cikin yunwa, ba ta san ko za ta sake ganin sa ba."

Da Baraka ta amsa muryarta ta yi ƙasa, irin yadda take yi in karatu ya yi daɗi.

"Za ta ƙulla gumba a tsumma, ta ba ƙanwarsa ta ce, 'Bi su ki kai wa wancan, ya yi mantuwa.' Alhali bai manta komai ba. Sannan ta koma bakin turmi ta ci gaba da dakan abin da ya riga ya daku."

Malam Lado ya auna su biyun a ransa. Shafin da ya yi wa kuka ya ji ya zube a gabansa, na Baraka ya miƙe a wurin, kuma ko makaho ya san wanne ya fi. A da irin wannan sukar kan sa ya yi wa tuwon dare yaji. Yau kuwa bai taɓa jin suka mai daɗin wannan ba.

"Shi ke nan sunan littafin ma ya tafi," ya ce, ya gaya mata wanda ya ɓoye a zuci.

"Sai ka nemi wani, ai ba su ƙare a kasuwa ba."

Ta tashi. Ya ji an ɗaga dutsen guga daga bakin taga, ya ji an kaɗe ƙura, ya ji ta zauna a gefen tabarma inda ta saba. Ta tsallake ƙofar gari ta kama daga inda ayari ya shiga daji. Gaba kaɗan, inda madugu ke tambayar sabon falke sunansa na yanka, sai ta ce "wancan" ta wuce, ba ta ko tsaya ba. Haka ta yi duk inda ya sake fitowa. Shi da ya ƙwala wa sunaye kira ba iyaka, bai taɓa jin wanda aka faɗa da taushin wannan "wancan" ɗin ba.

Ta kai ƙarshen abin da Helen ta buga, ta haɗa takardun ta daidaita bakinsu a kan gwiwa. Ba ta tashi ba.

"Malam."

"Na'am."

"A ƙarshe ya dawo gida?"

Maganar gaskiya, tun kafin ya rubuta layin farko ya riga ya kashe Nomau. A bakin wata busasshiyar rijiya can arewa zai mutu da ƙishirwa, har itacen da za a binne shi a gindinsa ya zaɓa.

"Ya dawo," ya ce. Daga wannan lokacin kuwa haka ne.

"Da jakansa?"

"Har da ƙari."

Can ta ce, "A nan inda ka tsaya, ya yi gemu?"

"Ya fara."

"Kuma ka bar shi yana yawo a bayan jakai ba aure?" Ta ja tsaki, na gaske, irin na da. "To a nema masa mata. Ban da 'yan matan zangon nan masu rawar kai da ka cika littafin da su. 'Yar gida, mai hankali, wadda ba za ta bar shi da yunwa ba."

"To," ya ce, "sai in ga lokacin da aka haife ta, da wanda ta biyo, in nemo sunan da..."

"A'a. Wannan ba aikinka ba ne." Ta jawo faifan gyaɗarta. "Ni zan zaɓa masa."